KIYAYE DOKI LOKACIN ƊARI: YAUSHE ZA A RUFA MASA BARGO?

Manoman auduga, lokacin cirar auduga da kai ta wurin masu saye shi ne kuma lokacin hunturu. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu hankalin kowa yana gona da wurin awo, dabbar da ke turke kuwa sai abin da hali ya yi. A nan ne masu dawaki kan rabu biyu. Wani ya bar dokinsa ya kwana a fili, iska na dukansa, cikinsa ba kome. Wani kuma don tsananin so ya lulluɓe shi da bargo mai nauyi, dare da rana, har zufa ta ci masa baya. Duka biyu ɓarna ce, kuma doki ba abin da ake saye kowace kaka ba ne.

Wannan takarda za ta nuna muku wane doki ke bukatar rufi, wane ne ba ya bukata, da yadda mutum zai gane da hannunsa.

INA IYAKAR ƊARIN ƘASARMU?

A Kano da Katsina da Zariya da Funtuwa, har zuwa Maraɗi, tsakiyar ɗari ita ce ƙarshen Disamba da watan Janairu. Iska ce busasshiya mai tasowa daga Sahara, tana bugowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura da hazo. A Kano, cikin Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 kafin asuba, wani dare ma ya gaza 10. Amma kafin azahar ya koma wajen 30. To, ku riƙe wannan, domin duk maganar bargo a kansa take: dare ɗaya da yini ɗaya, bambancinsu ya kan wuce digiri 15. Abin da ya yi daidai da ƙarfe huɗu na asuba azaba ne da ƙarfe goma na hantsi.

A kan tudun Jos da Vom sanyin ya fi haka. In aka gangara kudu kuwa sai ya yi ta raguwa. 'Yan'uwanmu da ke fatauci a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, mazauna Ajame da Tireshibil, sun san hunturu kan leƙa can na 'yan kwanaki ne kurum, kuma da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Dabbar da ke irin wannan wuri na bakin teku zafi da laima ne abokan gabarta, ba ta da abin yi da bargo. Sai an hau arewacin ƙasar, wajen Korhogo inda suke noman audugarsu, sa'an nan a tarar da ɗari irin namu.

Hotunan dawaki sanye da riguna masu kauri da ake gani a littattafai da wayoyi, na Ingila ne da Amurka da Kanada, inda ruwa kan daskare ya zama ƙanƙara. Da yawa daga cikin dawakin nan ma aske musu gashi aka yi don kada su jiƙe da zufa wurin aiki, shi ya sa dole a mayar musu da abin da aka cire. Masanan dabbobi sun auna sun ga lafiyayyen doki mai gajeren gashi, in jikinsa a bushe yake kuma ba iska, ba ya fara wahalar neman ɗumi sai sanyi ya sauka wajen digiri 5. Ɗarinmu ba safai ya kan kai nan ba.

DOKI BA MUTUM BA NE

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya auna doki da jikinsa. Ya fito da asuba yana rawar ɗari cikin gwado, sai ya ce lalle dokin ma haka yake ji. Ba haka ba ne.

Doki babbar dabba ce, babban jiki kuwa ba ya saurin hucewa, kamar yadda babbar tukunyar tuwo kan daɗe da zafi bayan ƙaramar ta yi sanyi. Ban da wannan, Allah ya ba shi gashi mai tashi. In sanyi ya taɓa shi sai gashin ya mimmiƙe, ya tsare iska a tsakaninsa, jiki ya ɗumama iskar nan, ta zama masa riga. Saboda haka in kun ga gashin doki ya tashi da sassafe, rana ta fito kuma ya kwanta, ba ciwo ba ne, aikinsa yake yi. Bargo mai nauyi danne gashin nan yake yi. Watau in ka ɗora masa tsumma marar kauri, mai nauyin banza, ka ƙwace masa rigarsa ba ka ba shi wata ba.

Amma babban murhun doki cikinsa ne. A can ƙarshen hanjinsa akwai wata babbar jaka inda harawa da ciyawa kan tsaya suna narkewa sannu sannu, waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna ta aiki a kansu. Wannan aiki zafi yake fitarwa, kamar yadda in ka tura hannu cikin tarin taki za ka ji ɗumi. Muddin akwai harawa a ciki, murhun nan yana ci har gari ya waye. In ba kome, ya mutu tun tsakar dare. Hatsi ba ya yin wannan aiki kamar harawa, gama shi da wuri yake narkewa ya wuce.

ABIN DA YA RIGA BARGO

Na farko kariya daga iska. Iska ita ce ke hure ɗumin da gashi ya tara. Barga mai katanga ta wadatar. Wanda dokinsa ke turke a tsakar gida ko a bayan gida, ya kafa zana ko darni na karan dawa ta arewa da ta gabas, tsawonsa ya ɗara bayan dokin. Ga kara nan ko'ina bayan girbi, ba sai an kashe kuɗi ba. Amma fa ban da karan auduga. Shi wannan tuge shi za a yi a ƙone da zarar an gama cira, domin tsutsar auduga a cikin ragowar ƙwallayensa take ɓuya ta jira shuka mai zuwa. Wanda ya yi danga da shi ya ajiye wa gonarsa da ta maƙwabcinsa cuta.

Kada kuma a toshe barga ruf don gudun sanyi. Warin fitsari da ƙurar harawa in suka rasa mafita huhun doki suke shiga, sai tari. A rufe gefen iska, a bar ɗaya gefen a buɗe.

Na biyu wurin kwanciya. Ƙasa mai danshin fitsari tana zuƙe ɗumin dabba fiye da iska. A kwashe kashi safe da yamma, a zuba busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa inda ya kan kwanta. Abin da aka kwashe kuwa ba asara ba ne, a tara shi a rami, taki ne na gonar auduga.

Na uku, kuma shi ne babba, abinci. Doki yana bukatar busasshen abinci, watau harawa da ciyawa, wajen kilo 2 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a yini. Dokin da ya kai kilo 300, kamar yawancin namu na ƙauye, kilo 6 ke nan, in ɗari ya tsananta a ƙara. Kada a zube masa duka da safe. A ajiye kaso mafi yawa sai bayan sallar lisha, ya kwana yana ci. Harawar wake da ta gyaɗa su ne gaba, kuma yanzu suke da araha. Wanda ya sayar da tasa duka a kaka don ya ga kuɗi, zai saye ta da tsada a bazara, in ma ya samu. A ɗora ta a kan rumfa ko bishiya inda rana da gara ba za su lalata ta ba. Wadda ta yi fumfuna a zubar. Mai ƙura a yayyafa mata ruwa kafin a ba shi. A zuba a komi, kada a zuba a kan rairayi, don yashin da ya haɗiya taruwa yake yi a hanji.

Dawa da gero da dusa suna da amfani ga dokin da ke aiki ko wanda ya rame. Amma a ƙara su kaɗan kaɗan cikin mako guda ko biyu, kuma doki mai kilo 300 kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya. Hatsi mai yawa farat ɗaya ya kan kawo ciwon ciki da ciwon kofato.

Ga wata magana da ta shafe ku musamman. Gidan manomin auduga ba ya rasa gurya, kuma kowa ya san tana sa shanu ƙiba. A cikin ƙwayarta akwai waɗansu ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu ɗauke da wani dafi da ake kira gosifol. Tumbin babban sa yana iya karya ƙarfinsa. Doki ba shi da tumbi irin na sa, saboda haka a bar wa shanun noma gurya, kada ta zama abincin doki, dukushi kuwa kada a ba shi ko kaɗan. Irin shuka da aka gauraya da magani kuma guba ne ga kowace dabba. A kulle shi inda baki ba zai kai ba.

Sai ruwa. Da ɗari doki ba ya jin ƙishirwa kamar da bazara, ga shi abincinsa duk busasshe ne. In ya rage sha, abinci ya kan cushe a hanji, ya yi ta birgima yana duban cikinsa, wani lokaci har a rasa shi. Yana bukatar aƙalla bokiti biyu manya a yini, wajen lita 30 zuwa 40. Ruwan da ya kwana a randa ko a daro ya yi sanyi ƙarara, ba zai sha da yawa ba. A jawo masa sabo daga rijiya, kowa ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa da asuba. Ɗan gishiri ko 'yar kanwa suna sa shi sha. Galan ɗin maganin feshi kuwa, kome wankin da aka yi masa, kada a ɗebo wa dabba ruwa da shi.

Lafiyayyen doki mai tsoka, in ya sami waɗannan, ya gama da ɗarin ƙasarmu. Rufa masa bargo ɓata bargo ne.

WAƊANDA ZA A RUFA WA

Akwai dai waɗanda murhunsu ba ya isarsu.

Ramammen doki, wanda ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ba shi da kitsen da zai tsare ɗumi, abin da ya ci kuma duk a yaƙi da sanyi zai ƙare. A rufe shi da dare har ya murmure, a kuma nemi dalilin ramar: yunwa ce, ko tsutsar ciki, ko haƙori. Haka nan tsoho, wanda ya doshi shekara 20. In ka ga yana tauna harawa tana faɗowa daga bakinsa dunƙule-dunƙule, turamen haƙoransa sun lalace, ba ya samun amfanin abin da ake ba shi. A jiƙa masa dusa, a daddatsa masa harawa, a rufe shi. Marar lafiya da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba su ma haka.

Goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗaukar ciki, saboda haka wadda aka bai wa namiji a ƙarshen ɗari, cikin ɗari mai zuwa za ta haihu, kuma yawanci da dare. Dukushi ya kan faɗo a jiƙe, jikinsa ƙarami, ba kitse. A tanadi wuri mai kariya da shimfiɗa tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. A goge shi da tsumma mai tsabta, a lura ya miƙe cikin kamar awa guda, ya kama nono cikin awa biyu. Dakashin nan na farko shi ne abincinsa, shi ne maganinsa, shi ne ɗuminsa. In ya sha yana bin uwarsa, a ƙyale shi. In ya kasa tashi, yana rawar jiki, a lulluɓe shi a kira malamin dabbobi nan da nan.

Amma wanda ya fi shiga haɗari a garuruwanmu ba tsoho ba ne, ba jariri ba ne. Ƙosasshen ingarma ne da aka fita da shi kilisa ko hawan biki da la'asar. Bayan kaka bukukuwa kan yi yawa, samari su yi ta sukuwa, a komo da shi da magariba sharkaf da zufa, a zare sirdi, a ɗaure shi a turke daidai lokacin da iska ke tasowa. Jiƙaƙƙen gashi ba ya tashi, ba ya tsare kome, iska kuwa tana busar da zufar tana tafiya da ɗumin jiki. A nan ake samun rawar ɗari da sanƙarewar gaɓoɓi da safe.

Maganin wannan ba wuya. In an doshi gida a bar gudu, a taho da shi a hankali. In an sauka a sassauta majayi, a ja shi da ragama ana zagayawa har numfashinsa ya daidaita. A goge shi da busasshiyar ciyawa ko tsumma. In har yanzu da danshi kuma gari ya yi sanyi, a barbaza busasshiyar ciyawa a bayansa, a ɗora buhu a kai, iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi yana bushewa ba tare da ya yi sanyi ba. Bayan kamar awa guda a cire, a duba. In ya bushe, ya kama cin harawa, shi ke nan. Wanka kuwa da ɗari sai da tsakar rana.

YADDA ZA KA GANE

Kada ka tsaya daga bakin ƙofa ka yanke hukunci. Je ka da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ka tura hannu a hammatarsa, bayan ƙafar gaba, da kuma ƙirjinsa. In da ɗumi, lafiya lau. Kunne da ƙafafu ba abin dogara ba ne, su kan yi sanyi ko dokin na jin daɗinsa. Dokin da sanyi ya dama za ka gan shi ya takure, ya matse wutsiya, ya juya wa iska baya, naman kafaɗarsa da cinyarsa na karkarwa.

Amma a yi hattara, ba kowace karkarwa ce ɗari ba. Zazzaɓi ma ya kan sa ta. In doki na rawar jiki, ya ƙi abinci, ya sunkuyar da kai, ko kuwa rana ta fito bai daina ba, a auna shi da ma'aunin zafi ta dubura. Na babban doki mai lafiya tsakanin digiri 37 da rabi ne zuwa 38 da rabi. In ya kai 39 ko ya wuce, ciwo ne, mai yiwuwa sammore ko ciwon da kaska ke kawowa, bargo kuwa ba ya maganinsu. Haka in ka ga majina mai kauri da kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, a ware shi daga sauran dawaki a nemi malamin dabbobi. Ma'aunin nan ba shi da tsada, ya kamata a ce kowace ƙungiyar manoma tana da guda.

IRIN RUFIN DA YA DACE

Ba sai na kanti ba. Tsohon gwado ko luru na saƙar auduga ya isa. Ko a farke buhunan algarara biyu, a wanke, a ɗinke su haɗe, a sa tsohon zane daga ciki don kada ya goge fata. Buhun leda ba shi da amfani, ba ya barin zufa ta fita. Buhun da aka zuba takin zamani ko irin shuka ko maganin ƙwari kada ya taɓa jikin dabba.

Ya rufe daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, ya sauko ya rufe haƙarƙari, kada ya yi tsawon da zai taka. A sa masa maɗauri a ƙirji da wani a ciki, na ƙyalle mai faɗi, ba siririyar igiya ba, a ɗaure yadda tafin hannu zai shiga. In ya yi sako-sako zai zame cikin dare ya harɗe ƙafa, ga dabaibayi ga turke, sai karaya. A tsakanin kafaɗu, inda gaban sirdi ke zama, a sa ɗan ƙunshin auduga ko tsumma, gama nan ne rufi ya fi ci. Dokin da bai saba ba a fara gwada masa da rana ana tsaye.

A rufa bayan lisha. A dawo bayan awa guda a sa hannu a ƙarƙashi: in da danshi, rufin ya yi yawa, a rage ko a cire. Da hantsi kuwa lalle a cire, a shanya, a goge dokin a duba fatarsa. Wanda zai yi sammako zuwa gona ko kasuwa ya bar wa wani sallahun cirewa. In ba wanda zai cire, gara kada a rufa.

Kowane doki da nasa. Ƙazuwa da makero da gyambon da ke bin jijiya a ƙafa da wuya suna bin bargo da jalala daga wannan doki zuwa wancan. Aron rufi tsakanin maƙwabta zumunci ne mai tsada.

WUTA

Al'ada ce a hura wuta kusa da doki don ɗumi da korar ƙwari. Da damina wannan da sauƙi. Da hunturu kuwa kome ya bushe, ga zana, ga harawa a rumfa, ga auduga jibge a ɗaki tana jiran awo. Auduga in tartsatsi ya faɗa mata ta kan yi ta ci a ɓoye, ba a ankara ba sai ta tashi gaba ɗaya. Iska guda ta isa ta cinye wahalar shekara, doki kuwa yana ɗaure ba ya iya gudu. Dokin da ya sami kariya da harawa ba ya bukatar wuta. In dole sai an hura saboda marar lafiya, a yi ta a rami nesa da zana, mutum na zaune, a kashe da ruwa kafin a kwanta.

JAKI DA SHANUN NOMA

Jakin da ke kai muku auduga ya fi doki jin sanyi, ko da yake an ɗauke shi kamar ƙarfe. Asalinsa dabbar busasshiyar ƙasa mai zafi ce, jikinsa ƙarami, gashinsa kuma ba ya tsare ruwa. Ga shi ba ya nuna ciwo sai abin ya yi nisa. A sa shi bayan zana shi ma, a ba shi abin ci da dare, buhu ɗaya a bayan tsoho ko ramamme ba zai yi yawa ba. Shanun noma masu ƙiba ba ruwansu da rufi, tumbinsu ya ishe su. 'Yan maruƙa ne ke son kariya.

Rufin da kuka ɗinka kuma kada a jefar in ɗari ya wuce. A wanke, a shanya, a ajiye inda ɓera da gara ba za su kai ba. Cikin marka, a watan Agusta, in aka kwana aka yini ana ruwa da iska, dabbar da ta jiƙe ta kan ji sanyin da ya fi na Janairu, ko da ma'auni bai sauka sosai ba. Ranar nan a shigar da ita ƙarƙashin rumfa, a goge ta ta bushe tukuna, sa'an nan a rufa.